Tsawa a Falon Hajiya

Magana ɗaya Hajiya ta yi, kuma ba ta saba yin biyu ba. Muddin tana numfashi, 'yar fim ba za ta taka ƙofar gidanta ba, balle har ta zama surukarta.

Ɗanta Dokta ne ya kawo saƙon da bakinsa, a cikin mota, a ƙofar ofishin su Darakta, 'yar fim ɗin da yake son aura. Likitan haƙori ne, auta a gidansu, mutum mai sanyin halin da ko haƙori zai cire sai ya ba mai shi haƙuri tukuna. Yana magana yana kallon sitiyari.

"Ta ce in kin bar harkar, gobe-gobe za ta aika gidanku."

"In ban bari ba fa?"

"Ki ba ni lokaci. Hajiya akwai zafi, amma tana saukowa."

"Dokta, tun da ka zo duniya kake tare da ita. Ka taɓa ganin ta sauko?"

Sai ya tsaya yin tunani da gaske, abin da ya ƙara ba ta haushi kenan. Can ya ce, "Ni dai ban taɓa gani ba, amma an ce tana yi."

Darakta ta so ta yi dariya, kuka ya riga dariyar zuwa. Tana son bawan Allahn nan har cikin ranta, duk da sanyinsa, wataƙila ma saboda sanyin nasa.

Amma aikin nan ba a kan hanya ta tsince shi ba. Da ɗaukar jakar kayan sawar jarumai ta fara. Daga nan ta koma mai riƙe laima, ta koma mai tuna wa 'yan wasa maganganunsu, ta koma mataimakiyar daraktocin da wasunsu ko sannu ba su iya ba. Sai bana kamfani ya damƙa mata fim sukutum, ya ce ita za ta ba da umarni. Sunanta na yanka ma ya ɓace a bakin mutane, kowa Darakta yake ce mata.

A gida kuwa Umma ta sa ta gaba. "Ke wace irin yarinya ce? Miji kamar wannan ya zo har ƙofa, ki tsaya kina rungumar kyamara? Kyamarar ce za ta yi jinyarki in kin tsufa?"

Ga kuma Furodusa, wanda kamfani ya haɗa ta aiki da shi. Ya taɓa cewa yana son ta, ta ba shi haƙuri cikin mutunci. Ya yi dariya, ya gyara agogonsa mai ƙyalli, ya ce ba komai, aiki daban so daban. Ita kuwa, da yake ba ta da mugun nufi, sai ta yarda.

Shi ne ya samo gidan da za a ɗauki fitowa mafi girma a fim ɗin.

*

Gida ne na gani na faɗa. Falo mai faɗi, labule masu nauyi, ga wata doguwar taga da ranar yamma ke shigowa ta cikinta ta kwanta a kan kafet. Darakta tana ganin tagar ta ji kamar ta yi guɗa.

A aikinsu, masu shirya wuri ne ke riga kowa zuwa. Duk hoton da ke jikin bango sai sun sauke shi, don kada fuskar masu gida ta fito a fim. Kafin Darakta ta iso an riga an kwashe hotunan an kai wani ɗaki, ba abin da ya rage sai ƙusoshi. Ta tambayi ko gidan waye, Furodusa ya ce na wata baiwar Allah ce da ta yi tafiya, ƙaninta ne ya ba da izini.

Fitowar ta Mama Mai Kuka ce. Dattijuwa ce da ta daɗe a harkar, ta yi uwa a finafinan da ita kanta ba ta san adadinsu ba, kuma a kowanne sai ta yi kuka, shi ya sa sunan ya bi ta. Yau za ta tsaya a bakin taga tana jiran ɗanta da ya yi fushi ya bar gida. Ba za ta ce uffan ba. Hawaye kawai ake so, da hasken nan a gefen fuskarta.

Abu ya ƙi. An fara, wayar wani ta yi ƙara. An sake, mai babur ya danna ham a waje. An kuma, Mama Mai Kuka ta saki atishawa daidai lokacin da hawayen ya zo. Rana kuwa ba ruwanta da kowa, sai zamewa take daga jikin tagar.

Darakta ta miƙe, ta cire na'urar kunne. "Ku ji ni da kyau. In ranar nan ta wuce, aikin yau ya tashi a banza. Duk wanda ya san tari zai kama shi, ya fita tun yanzu. Ba na son in ji ko numfashi."

Ta koma kan 'yar kujerarta, ta ba ƙofa baya, ta kafa ido a ɗan allon da take kallon abin da kyamara ke ɗauka.

"Akshan."

Wannan karon komai ya zauna. Mama Mai Kuka ta dafa labule. Leɓenta ya fara rawa. Hawaye ya taru, ya cika ido, yana shirin gangarowa, hasken ya kama shi ɗas. Darakta ta ji tsigar jikinta ta tashi.

Sai aka banko ƙofa.

"Innalillahi! Me zan gani haka?"

Darakta ko ɗagowa ba ta yi ba. Muryar da ta saba tsayar da maza talatin da ita, ita ta saki gaba ɗaya.

"Wace ce wannan mara tunani? Ba ta ga ana aiki ba? A fitar min da ita waje!"

Falon ya yi tsit. Ba irin tsit ɗin da ta nema ba, wannan ya fi shi nauyi. Ta ga mai kyamara ya janye ido daga aikinsa yana kallon bayanta. A hankali ta waiwaya.

Wata dattijuwa ce tsaye a bakin ƙofa, doguwa, da tabarau da jakar hannu, alamar daga tafiya take. A bayanta kuwa, riƙe da akwati a kowane hannu, baki buɗe, fararen haƙoran nan duk a waje, Dokta ne.

*

Dattijuwar ba ta ɗaga murya ba. Ta cire tabarau, ta goge shi da gefen mayafi, ta mayar.

"Auta, ka san ta ne? Na ga ka ƙame."

"Hajiya... ita ce."

"Ita ce wa?"

"Ita ɗin dai."

Sai a nan Darakta ta gane gidan wa ta shigo. Matar da take ta addu'ar Allah ya haɗa su cikin alheri, matar da ta yi ta tsara yadda za ta durƙusa ta gaishe ta, yau ita ta kira mara tunani, a tsakiyar falonta, a gaban mutane.

Wani mutum mai ƙiba ya shigo da gudu yana share gumi. Kawu kenan, ƙanin Hajiya, wanda ya ba da gidan. "Yaya, ki tsaya in yi miki bayani..."

"Kai, zan zo kanka."

Nan Furodusa ya matso, ya ɗan rusuna, fuskar nan cike da tausayin da bai kai zuci ba. "Hajiya, a yi haƙuri. Yarinyata ce, ni zan hukunta ta. Haka 'yan fim suke, ba su san girman manya ba. Sai irinmu da muka saba muke iya zama da su."

Hajiya ta dube shi daga hula har takalmi. Ta juya ga Darakta.

"Ke, biyo ni."

Ɗakin da ta kai ta nan ne aka jingine hotunan. Na gaba-gaba wani ɗan yaro ne mai manyan kunnuwa, sanye da kayan makaranta, yana murmushin da Darakta za ta gane ko a cikin dubu. Da ta leƙo ɗakin nan da safe, da duk haka ba ta faru ba.

Ta zube a ƙasa, hawaye na zuba. "Hajiya, don girman Allah ki yafe min. Wallahi ban san gidanki ba ne, ban san ke ce ba."

"Da wata ce daban, ya halatta kenan?"

"Bai halatta ba. Idan ana ɗauka ba na ganin kowa, ba na jin komai sai aikin. Amma wannan ba hujja ba ce. Na yi laifi."

Hajiya ta zauna a bakin gado. "Tun da mai gidan nan ya rasu ba wanda ya taɓa daka min tsawa. Shi ɗin ma sai ya duba fuskata tukuna." Ta bar yarinyar ta yi kukanta. "Kina son ɗana?"

"Ina son sa, Hajiya."

"To ga hanya mai sauƙi. Ki fita yanzu, a gaban mutanen nan da kika zage ni a gabansu, ki ce kin ajiye wannan aiki har abada. In kin yi haka na yafe tsawar, kuma a makon nan zan aika gidanku. Ba na saɓa magana."

Darakta ta runtse ido. Ga shi nan an miƙo mata, abin da take kwana tana tashi da shi. Kalma kaɗan ce, Umma ta huta, Dokta ya zama nata. Zuciyarta har ta fara cewa to.

Ta share fuska da bayan hannu. "Hajiya, tsawar da na yi laifi ce, zan yi ta roƙon ki a kanta har ki gaji da ni. Amma aikin ba laifi ba ne. Ba zan iya ba da haƙuri a kansa ba."

"Au, haka ne?"

"Na san abin da ake faɗa a kanmu. An ce mace a fim kayan wasan maza ce, wannan ya ja, wancan ya ja. Akwai waɗanda aka yi wa haka, na gani da idona, na yi kuka tare da su. Shi ya sa na nace sai na hau kujerar nan. A wurin da nake ba da umarni ba namijin da ya isa ya kira yarinya gefe. Iyaye suna kawo min 'ya'yansu da hannunsu. In na tashi, wa zan bar musu?"

"Shi Autan fa? Ba ya cikin lissafi?"

Darakta ta ce, "Shi ne kan gaba. Amma in na shigo gidan nan bayan na kashe abin da na gina da hannuna, duk ranar da na dube shi zan tuna saboda shi ne. Tsoro nake ji wata rana in tsane shi, Hajiya. Gara in rasa shi ina son sa."

Hajiya ta zuba mata ido, ba a gane komai a fuskarta.

Darakta ta miƙe. "Yanzu za mu kwashe kayanmu. Kowane hoto zai koma ƙusarsa. Fim ɗin kuwa zan ƙarasa shi, ko a gindin bishiya ne."

Ta fita ba tare da an sallame ta ba.

*

"A kashe fitilu. A naɗe wayoyi. Mun tashi."

Ba wanda ya yi mata musu. Sun ga idonta. Mai kyamara ya fara kwance ƙafafun kyamararsa a sanyaye, Mama Mai Kuka kuma ta soma kukan gaske, wanda bai kai na fim kyau ba.

Hajiya ta fito ta tsaya a tsakiyar falo. Sai a lokacin Dokta ya tuna akwai akwatuna a hannunsa, ya ajiye su. Ya tako har gabanta, ya durƙusa.

"Hajiya, ban taɓa yi miki musu ba, yau ma ba zan yi ba. Ba zan kawo ta gidan nan ba sai da yardarki." Ya ɗago ya dube ta. "Amma kuma ba zan kawo wata ba. Ko nan da shekara nawa ne."

Muryarsa na rawa kamar mai zazzaɓi, amma ya kai ƙarshen maganar. Darakta ta juya baya don kada a ga fuskarta. Hajiya kuwa kallon ɗan nata take kamar yau ta fara ganin sa.

Ta juya kan ƙaninta. "Kai kuma, ba ka san yau zan dawo ba?"

"Na sani mana, Yaya! Wallahi na gaya masa. Na ce su zo jiya su gama kafin ki iso, a share miki gida tas. Shi ya kafe sai yau. Ya ce kafin azahar sun tafi."

"Kafin azahar?" mai kyamara ya ɗago. "Ai tun makon jiya kowa ya san ranar yamma muke jira."

Kawu ya ci gaba, ganin ya samu inda zai sauke kayansa. "Kuma shi ya nemo ni, ba ni na neme shi ba. Ranar farko ma tambayar da ya fara yi min ita ce, nan ne gidan su likitan haƙoran nan?"

Duk idanu suka koma kan Furodusa. Ya fara gyara agogo. "A'a, ai ba haka maganar take ba. Ni taimako na..."

"Ya nemi aurenta ta ƙi shi, Hajiya," in ji Mama Mai Kuka tana fyace hanci. "Kowa a nan ya sani."

Hajiya ta taka zuwa gabansa a hankali. "Wato ni ka zaɓa. Ka duba duk garin nan ba ka ga sandar da za ka daki yarinya da ita ba sai ni. Ka shigo da ita gidana, ka zauna kana jiran in zo in yi maka aikinka."

"Hajiya, Allah ya huci zuci..."

"Ɗazu ka ce yarinyarka ce. Ke, yarinyarsa ce ke?"

Darakta ta ɗago kai. "Ni ba yarinyar kowa ba ce sai iyayena. Kuma yau zan sanar da kamfani, in dai ni ce a kan fim ɗin nan, ba na sake aiki da shi."

"Ka ji. Gidan nan nawa ne, ni ke faɗin wanda zai fita. Kama hanya."

Ya fita yana tuntuɓe da wayoyin fitila. Mama Mai Kuka ta raka shi da baki: "Dama tun safe ba abin da ya tsinana sai cin abincin ma'aikata."

Hajiya ta dubi tagar, ta dubi Darakta. "Ranar da kike ta hargagi a kanta, ta tafi ne?"

Darakta ta kalli kafet. Hasken ya tsuke, ya koma kamar faɗin tabarmar sallah. "Saura kaɗan, Hajiya."

"To tsayuwar me kike yi? Ni ba a fara aiki a gidana a bar shi rabi."

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Darakta ta tafa hannu sau ɗaya, falon ya ɗauki motsi. Wannan ya ja fitila, wancan ya miƙe waya, mai kwalliya ta goge wa Mama Mai Kuka kukan gaske don a samu wurin na aiki. Darakta tana tsakiya tana nuni da yatsa, kowa ta kira sai ya ce "an gama, Darakta" yana gudu. Maza masu gemu, wasu sun haife ta. Hajiya ta ja kujera ta zauna dab da ɗan allon, ba abin da ya wuce ta.

"Akshan."

Mama Mai Kuka ta dafa labule. Uwa ce tana jiran ɗan da ba ta san ko zai dawo ba. Hawayen ya taru, ya tsaya, sannan ya gangaro a cikin ragowar hasken. Darakta ta bar shi ya kai har haɓa.

"Kot. Mun samu!"

Falon ya kaure da tafi. Mai kyamara ya rungume mai fitila. Hajiya ta cire tabarau tana goge ido, ta ce fitilun nan nasu sun cika zafi.

Da hayaniya ta lafa, ta kira Darakta da hannu. Yarinyar ta durƙusa a gabanta.

"Da mai gidan nan ya rasu, shagon kayan gini ya bar min da marayu. 'Yan uwansa suka ce mace ba ta tsayawa cikin leburori. Da wannan muryar na tsaya, da ita na yi wa yaron can karatu." Ta nuna Dokta da haɓa. "Sai dai ta yi masa yawa, ya tashi ba ya iya ce wa kowa a'a. Yau na ji ya ce, kuma na san ba a wurina ya koya ba. Tsawarki ban manta ba, za ki daɗe kina biyan ta. Wace rana ce ba ki da aiki? Zan tura manya wurin mahaifinki."

Darakta ta lissafa kwanakin aikinta a ranta. Gaskiya ɗaya ce, kuma ba ta iya ɓoye ta.

"Hajiya... sai mun gama fim ɗin. Sai ƙarshen wata."

Kawu ya dafe kai. Dokta ya yi kamar zai faɗi. Mama Mai Kuka ta ce "ke yarinya!" a ƙasan maƙoshi.

Hajiya ta daɗe tana kallon ta, sannan gefen bakinta ya motsa.

"Ƙarshen wata. Auta, ka ji. Sai ka jira."

Darakta ba ta san yadda aka yi ta kai baranda ba. Ta lalubo waya ta kira gida. Bugu ɗaya Umma ta ɗauka.

"Lafiya? Kuka kike yi? Me suka yi miki?"

"Umma," ta ce, dariya da kuka suna rige-rige a muryarta, "ban bar aikin ba. Kuma suna nan zuwa."